Bayan Ido

Shekara talatin ina gyaran agogo a Kejetiya,
gilashi maƙale a idon dama, na hagu a runtse.
Na san ƙurar da ke tsayar da lokaci.
Amma abin da ke cikin gidana
Tasalla ce ta gani, 'yar shekara tara:
"Baba, idon Toka ya fito."

Na ce barcin zomo ne, ido buɗe.
Ta ce, "Ɗaya kawai?"

Kwana uku hawaye na jiƙa masa kunci,
ya shinshina ganyen kabeji, ya juya baya.
Muka sa maganin ɗigo na kemis ɗin Aboabo,
idon ya ƙara turowa,
kamar gilashin agogon da ya fi ƙarfin gurbinsa.

Bawa mahauci ya leƙo ta katanga:
"Tun da sauran nama a jikinsa, ga wuƙa."
Tasalla ba ta tanka ba.
Ta zare ɗankwalinta ta rufe kwali,
muka hau turoturo.

Dakta Afrakoma ba ta fara da ido ba.
Ta shafa muƙamuƙi, ta haska baki.
Sannan ta danna fatar ido a hankali:
na dama ya koma ciki,
na hagu ya ƙi, akwai mai zama a bayansa.

Hoton ƙashi ya fito, fari da baƙi.
Ta nuna da bakin biro:
"Haƙorin zomo ba ya daina tsiro.
In bai sami ciyawar da za ta cinye shi ba,
saiwar turmi sai ta yi sama,
ta huda, ta tara mugunya a bayan ido.
Me yake ci?"

Burodi, na ce. Dusa. Ragowar koko.
Abin da muka ɗauka gata ne.

"Mugunyar zomo ba ruwa ba ce," in ji ta,
"kauri gare ta kamar wagashi.
Ba ta tsiyaya, sai an kwashe ta da jakarta.
Haƙorin zai fita. Idon ma ya bushe,
fata ta daina rufe shi, ba ya ganin komai
sai zafi."

Ta faɗi kuɗi. Na lissafa:
agogo arba'in, in kowa ya biya.
Akwai wani tsoho mai sarƙar azurfa
da na ɓoye wa kaina tun ina yaron shago.
Ban yi ciniki sosai ba.

Da la'asar aka miƙo mana shi,
rabin fuska a aske, ɗinki shida,
jiki kamar tsumma mai ɗumi.

Sai jinya.
Allura ƙarƙashin fata, ranar da aka tsara.
"Kar ku kuskura ku ba shi wannan ta baki,
zai kashe masa ciki."
Maganin zafi safe da dare.
Niƙaƙƙiyar ciyawa a sirinji, kaɗan-kaɗan ta gefen leɓe.
Hannuna da bai taɓa rawa a kan ƙaramin ƙarfe ba
ya yi rawa a kan fata.

Tasalla ta buɗe littafin lissafinta daga baya
tana ƙirga kashinsa kowace safiya.
Huɗu. Tara. Ranar Laraba babu,
ba wanda ya ci tuwon kirki.
Alhamis, talatin da ɗaya.
Ta tashe ni kafin kiran salla don in gani.

Dakta ta ce yana iya dawowa.
Ba ta yi mana alkawari ba,
sai ranar komawa, da ciyawa, ciyawa, ciyawa.
Bawa ma yanzu yakan jefo harawa ta katanga,
ba ya cewa komai.

Gashi ya rufe gurbin.
In za ka zo masa ta hagu, sai ka yi sallama.
Jiya ya tsaya a bakin kejinsa,
ya karkata kai, ya ƙura mini ido ɗaya,
Tasalla ta fashe da dariya:
"Baba, yana duba ko kana tafiya daidai."